Mai Walda da Kariyar Akori-Kura

Duk wanda ya sa wa akori-kura rumfa a baya ya tsare kayansa daga ruwan sama da ƙura da masu ɗan hali, amma ya toshe wa kansa sama. Tsani ba ya shiga, dogon fayif na famfo ba ya shiga, katifa sai an lanƙwasa ta. Daga nan sai a nufi wurin mai walda a ce a yi wa rumfar kariya, wato ƙarfen ɗora kaya a sama. A Amurka, inda rumfar faiba ta zama ruwan dare a bayan irin waɗannan motoci, kamfanoni kamar Thule da Yakima suna sayar da kariyar kanti, haɗe da takardar da ta faɗi iyakar kilon da za ta ɗauka. A Panteka ta Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Katako a Yamai, wannan takarda a kan mai walda take.

Da ganin farko aikin ba wani abu ba ne: a haɗa ƙarfe huɗu, a gitta wasu a tsakiya, a yi ƙafafu. Yaron shago da ya yi 'yan watanni zai iya. Maigidansa kuwa ba ya taɓa tef sai ya yi tambaya: "Alhaji, me za ka riƙa ɗorawa, kuma wace hanya kake bi?" Sannan ya zagaya bayan motar, ya leƙa cikin rumfar, ya danna rufin da tafin hannu nan da can. Hanyar da nauyi zai bi ya sauka yake nema. Duk kilon da aka ɗora sai ya ratsa ƙafafun kariya, ya shiga rumfa, ya gangara leɓen bodi, ya kai shasi da sifirin da taya. Inda ya fi rauni a wannan jeri, nan ne zai fara kuka.

Galibi rumfar ce mai raunin. Tsakiyar rufinta, na faiba ne ko na fallen ƙarfe, yana lotsawa ko da hannu. Ƙarfinta yana gefe, inda rufi ya lanƙwasa ya zama bango, da kuma kan haƙarƙarin da aka gitta ta ciki, don haka a nan gwani yake dasa ƙafafu. Idan ya ji kayan da za a ɗauka sun fi ƙarfin rumfar, sai ya tsallake ta gaba ɗaya: ya saukar da dogayen ƙafafu huɗu ta waje har leɓen bodi, ya ɗaure su a can, rumfar ta zauna a tsakiya ba ta ɗauke da komai. Tsofaffin motoci sun fi sauƙin sha'ani, domin rufinsu yana da ɗan kwararon ruwa a gefe wanda ake maƙale kariya a jikinsa ba tare da an huda komai ba. Masu waldar Kaduna da suka yi wayo da Peugeot, wadda aka fara harhaɗawa a garin a 1975, a kan wannan kwararo da yawansu suka koyi aikin. Rumfar faiba ba ta da shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda gwani yake ƙin yi wa mai mota abin da ya fi so. Kowa yana son doguwar kariya, daga ƙarshen rumfa har saman ɗakin direba, da ƙafafu a duka biyun. A Hilux da ire-irenta, ɗakin direba da bodi abubuwa biyu ne daban, kowanne a zaune a kan shasi da nasa mazaunin. Wannan ɗan tsagin da ke tsakaninsu ba ado ba ne. Idan tayar gaba ta hagu ta faɗa rami, ta baya ta hagu tana kan tudu, shasin yakan ɗan murɗe, ɗaki ya karkata nan, bodi ya karkata can. Ka haɗa su da ƙarfe ɗaya mai tauri, ka tilasta wa kariyar ta hana shasi murɗewa, abin da ba za ta iya ba. Ko waldar ta tsage, ko rufin ɗaki ya yage a gindin ƙafa. Saboda haka mai sani yakan bar gaban kariyar ya miƙa a saman ɗakin ba tare da ya taɓa shi ba, da ratar da hannu zai shige, kuma ba ya barin miƙewar ta yi tsawo. Mai mota zai ga kamar an rage masa aiki ne. An cece masa rufi.

Wajen zaɓen ƙarfe ma akwai lissafi, ko da ba a rubuta shi a takarda. Mai kuɗi yakan ce a sa masa mai kauri, wai don ya daɗe. Amma kilon kariyar kanta daga cikin abin da rumfa za ta iya ɗauka ake cire shi. Fayif mai kusurwa huɗu, faɗin milimita 25 da kaurin 1.5, nauyinsa ya ɗan haura kilo ɗaya a kowace mita; mita 18 da za su shiga matsakaiciyar kariya sun kai kilo 20 tun ba a ɗora ko tabarma ba. Gwani a siffa yake neman ƙarfi. Fayif mai 40 da 20, idan aka kafa shi a tsaye ta siririn gefensa, ya ninka wanda aka kwantar sau uku wajen ƙin lanƙwasa, alhali ƙarfen ɗaya ne, kuɗin ɗaya ne. Haka tazarar ƙafafu: ka ninka ta biyu, lotsawar tsakiya a ƙarƙashin kaya iri ɗaya ta ninka takwas. Alminiyam ya fi sauƙi, kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin ƙarfe, sai dai waldarsa tana son injin da ba kowane shago ke da shi ba.

Waldar kanta ana yin ta a ƙasa, nesa da mota, a kan daɓe mai lebur. Siririn fayif ba ya son wuta da yawa. Ka ɗan jima a wuri ɗaya ya huje. Shi ya sa ake ɗaukar siririn rodi, wanda 'yan kasuwa ke kira geji 12, a rage wuta. Kuma ƙarfe yana janyewa idan yana hucewa, ya ja abin da ke kusa da shi. Wanda ya cike kusurwa ɗaya tsaf kafin ya koma ta biyu zai tarar da firam ɗin ya goce. Gwani ɗigawa yake fara yi a kusurwa huɗun, ya ja tef daga wannan kusurwa zuwa kishiyarta, ya sake ja a ɗaya ɓangaren. Sai awon biyu ya zo daidai sannan ya cike, yana tsallake-tsallake don zafi ya rarrabu. A gindin kowace ƙafa yakan ƙara ɗan ƙarfe mai kusurwa uku, domin duk birkin da aka taka, kaya gaba suke son wucewa, kuma a nan suke murɗa. Idan dole ta sa a yi walda a jikin mota, sai an cire kan batir tukuna, musamman a motocin yanzu masu kwamfuta.

Sai huda rufi, inda araha ba ta ado. Noti a kan faiba tsirara, wata rana zai ɓurma ya wuce. Ana sa faffaɗan faranti ta ciki don nauyin ya bazu, a yanko tsohon tub a shimfiɗa tsakanin ƙafa da rufi. Aikin gammo yake yi: kayan suna nan da nauyinsu, amma ba sa cin wurin da suka zauna. A cusa gam a ramin don damina, a ɗaura noti biyu a kan juna don gargada ba ta bar wa guda ɗaya zaman lafiya. Bakin kowane fayif a toshe shi, in ba haka ba ruwa ya kwana a ciki, tsatsa ta ci ƙarfen ta inda fenti bai kai ba. Wannan toshewar tana kuma rage fito da kariya ke yi idan mota ta ɗauki gudu. Ƙugin sandar gaba kuwa, igiya ake naɗa mata a karkace ya mutu.

Akwai abin da walda ba ta gyarawa. Hilux tana ɗaukar kusan tan ɗaya a bodi, amma rufin yawancin motoci masu ƙera su tsakanin kilo 50 zuwa 100 suke yanke masa, domin kayan da ke tafiya ba ɗaya suke da kayan da ke tsaye ba: rami ɗaya yana iya ninka nauyinsu na ɗan lokaci. Jarka huɗu ta ruwa mai lita 25 sun cinye kilo 100 ke nan, kuma suna can sama inda suke jan mota waje a kowace kwana. Mai walda na kirki yakan faɗa wa direba gaskiya: buhu da jarka a ƙasa, tsani da katifa a sama. Yakan kuma ce a dawo bayan tafiyar farko. Idan an dawo, ya bi notunan da sifana ɗaya bayan ɗaya, sannan ya duba gefen kowace walda, domin tsagewa tun tana siririya takan fitar da jan layin tsatsa a kan fenti, kuma a wannan matakin rodi ɗaya ya ishe ta.