Nazari a Kan Darasin Kamun Kai a Manhajar Ilimin Zaman Iyali: Misali Daga Nguru da Gashuwa

A shekarar 2001 Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince da manhajar ilimin jinsi. Saboda adawar da ta fuskanta, musamman a Arewa, hukumar NERDC ta sake mata fasali a 2003, aka kira ta Ilimin Zaman Iyali da Cutar Ƙanjamau, aka cire batun hanyoyin tazarar haihuwa, aka ɗora ta a kan kamun kai har zuwa aure.

Ba mu da ja a kan kamun kai; addini da al'ada sun riga manhaja faɗarsa. Abin da muke suka shi ne inda darasin ya tsaya. An tsara shi tamkar aure abu ne mai nisa ga ɗaliba, alhali a ƙauyukan Nguru da na ƙasar Bade akan ɗaura wa yarinya aure kafin ta kammala ƙaramar sakandare. Wannan yarinya ta cika sharaɗin manhaja, ta kame kanta, amma ba a gaya mata komai game da awon ciki ba, ko doguwar naƙuda da ke jawo yoyon fitsari, ko cutar da miji kan shigo da ita gida. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 19 cikin ɗari na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 sun haihu ko suna da ciki. A karkara kashi 27 ne.

Ko a Amurka, binciken da aka gabatar a 2007 ya gano cewa shirye-shiryen kamun kai zalla ba su jinkirta fara saduwa ba.

Akwai kuma matsalar harshe. Da Turanci aka rubuta darasin, malami a Gashuwa kuwa da Hausa yake fayyace wa 'ya'yan Badawa da Mangawa da Fulani, kuma idan ya iso wurin da ke da nauyi sai kunya ta sa ya tsallake. Abin mamaki, ɗalibar nan da yamma tana karanta hukunce-hukuncen haila da biƙi da janaba a Ahalari, a gaban malamin Islamiyya, babu mai cewa an ɓata tarbiyya. Ke nan kalmomin suna nan, kuma iyaye sun yarda da su.

Muna ba da shawara a fara da Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman da ke Gashuwa: malaman Hausa da na addini da ungozomomi su zauna su fitar da jerin kalmomi da darasin lafiyar amarya da mai ciki, a gwada shi a aji uku na ƙaramar sakandare.