Ku duba buji kafin ku jefar

Daga Gidan Rumji har Gazawa, a rumfunan makanikai na bakin kwalta, wata ɗabi'a ta zama ruwan dare. Da moto ko injin ban ruwa ya ƙi tashi, sai yaron gareji ya kwance buji, wato fulogi, ya wurgar cikin rairayi ba tare da ya ko kalle shi ba, ya ɗaura sabo. "Alhaji, buji ne." A biya, a tafi, bayan 'yan kwanaki kuma a sake turo injin. Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin sana'a ce take zubewa muna kallo.

Tsofaffin makanikai ba haka suke yi ba. Sai sun ɗaga bujin sama, sun juya bakinsa wajen haske. In ya yi baƙin toka busasshe, mai ya rinjayi iska, watakila ƙurar hunturu ta toshe matacin iska. In baƙin ya jiƙe yana maiƙo, man juye ne yake haurowa, zoben fistan ya cinye. In ya yi fari fat, wannan ne abin tsoro: mai ya yi kaɗan, injin yana cin wuta. Lafiyayyen buji launin ƙasa-ƙasa yake yi. Su kuma kan auna tazarar bakinsa, wadda a injin Honda GX160 da ire-irensa ba ta wuce milimita 0.7 zuwa 0.8 ba.

Masu wasa da ƙananan motocin rimot a Turai da Amurka sun riƙe wannan ilimi gam. Injinsu bai kai dunƙulen hannu ba, amma yana iya juyi sama da 30,000 a minti, yana shan metanol da aka gauraya da nitrometan da mai. Bujinsa ba ya tartsatsi. 'Yar murɗaɗɗiyar waya ce mai sinadarin filatinam, a ɗumama ta da batir mai bolt 1.5, sannan a cire batirin, zafi da metanol su ci gaba da riƙe ta jajur. In wayar ta dushe ko ta lanƙwashe, sun san mai ya yi ƙaranci ko wani ɓarɓashin ƙarfe ya bugo ta, sai su koma kan allurar kabreta su daidaita. Abin wasa ke nan fa, balle injin da gida guda yake ci daga gare shi.

Na san uzurin da ake kawowa. Bujin yanzu yana da araha, jabu ya cika kasuwa, man kwalba na bakin hanya kuma wani lokaci da datti ko ruwa a ciki. Mai kabu-kabu yana gaggawa, ba ya son dogon bincike. Duk gaskiya ne. Amma jabun ma sai an dube shi ake gane shi ne ya mutu da kansa ko injin ne ya kashe shi.

Laifin na ɗora shi kan masu gareji, ba yara ba. Yaro abin da ya ga maigidansa yana yi shi yake yi. Mai lambu a Gulbin Maraɗi, wajen Tibiri, in injinsa ya ƙone a tsakiyar rani saboda ba wanda ya lura bujinsa ya yi fari, tumatir da albasarsa ba za su jira a kawo fistan daga Maraɗi ba. Masu gareji na Agye da Gazawa su hana yaransu taɓa sabon buji sai sun kawo tsohon sun faɗi abin da suka gani a bakinsa.