Aro da Kwaikwayo: Kayan Ɗakin Birtaniya na Zamanin Riƙon Sarauta da Jeren Amare a Ƙasar Bakori

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce auna kujeru da gadajen da ake jera wa amare a Bakori da kewayenta, a kan ma'aunin wasu kayan ɗaki da suka yi fice a Birtaniya. Dalili kuwa shi ne, su ma waɗancan arowa aka yi, amma sun haura shekara 200 suna nan.

2.0 Kayan Zamanin Riƙo

Daga 1811 zuwa 1820 Yarima Joji ne ya riƙe sarautar Birtaniya, saboda rashin lafiyar mahaifinsa, Sarki Joji III. Kafintocin lokacin sun ɗauko fasalinsu daga tsohuwar Girka da Rum da Masar: ƙafar kujera mai lanƙwasa kamar takobi, da ƙafar tebur mai siffar dagin zaki, da adon farin ƙarfe ko tagulla da ake dasawa cikin katako. Thomas Hope, wanda ya zaga Girka da Masar, ya buga littafin zane-zanensa a 1807.

Abu biyu suka ba kayan daraja. Na farko, ingancin katako, musamman mahogani, ɗan'uwan maɗacinmu, wanda bayi 'yan Afirka suka sha wahalar sarowa a yankin Karibiyan. Na biyu, rubutu. Kamfanin Gillows na Lankasta yakan rubuta kuɗin katako da ladan ma'aikaci da sunan mai saye, kuma littattafan suna nan. Haka kuma kayan da William Trotter na Edinbara ya yi wa gidan Paxton a Sukotlan suna cikin gidan har yau.

3.0 Jeren Amare a Ƙasar Bakori

Mu ma mun iya aro. Kuɗin auduga ne ya shigo da gadon ƙarfe mai rumfa da kwalla da kumbo ɗakunan iyayenmu, suka zauna daram tare da akushi da faifai da adudu. An aro su, an mayar da su na gida, har 'ya takan gaje su daga uwa.

Kujerun da ake yayi yanzu kuwa, masu sassaƙar furanni da ruwan zinari, kwaikwayon fadojin Turai ne kawai. An ɗauki ƙyale-ƙyalen, an bar aikin. Galibi ƙusa da gam ne suke riƙe da katako marar ƙwari, soso da yadi sun rufe aibin. Ba su dace da ƙurar hunturu ko girman ɗakunanmu ba. Uba yakan sayar da masarar shekara guda a Funtuwa ko Malumfashi domin ya fita kunya, kafin a yaye ɗan fari kujera ta zube. Kuma ba wanda ya san sunan kafintan da ya yi ta.

4.0 Kammalawa

Ke nan aro ba laifi ba ne, in an yi shi da sani. Shawarar wannan takarda ita ce, sassan Hausa da na koyar da sana'a a kwalejojinmu su tura ɗalibai ƙauyuka su rubuta tarihin tsofaffin kayan jere: wa ya sassaƙa, da wane ice, a wace shekara. Sa'an nan a kai samfurinsu gidajen tarihi, irin su Gidan Makama na Kano, tun kafin masu sayen gwangwani da gara su gama da su.