Ado Mai Wa'azi: Matafiyi a Majami'ar Bitrus

Matafiyin da ya bi layi a dandalin Batikan, cikin birnin Rum, don shiga Majami'ar Waliyyi Bitrus yakan zaci gidan tarihi zai gani. Masu gadi ne ke fara gyara masa zato: ba a sayen tikitin shiga, amma duk wanda kafaɗarsa ko gwiwarsa ke waje a bakin ƙofa zai tsaya. Wannan doka ta ɗakin ibada ce, kuma ita ce mabuɗin fahimtar abin da ke ciki. Marmara da tagulla da ruwan zinariyar nan wa'azi ne da aka tsara domin baƙo, kuma wanda ya kalle su a matsayin kwalliya ya baro rabin abin da ya je gani.

Tarihin ginin ne shaida. An kafa shi a kan wurin da Katolika suka yi imani nan aka binne Bitrus, almajirin Yesu, kuma tun ƙarni na huɗu masu ziyara ke tururuwa zuwa tsohuwar majami'ar da Sarki Kustantin ya gina a wurin. An aza harsashin sabuwar a 1506, ba a keɓe ta ba sai 1626. Ana cikin aikin ne malamin coci Martin Luther ya ta da ƙayar baya ga Fafaroma a 1517, Kiristocin Yammacin Turai suka rabu biyu, Katolika da Furotesta. Daga nan ginin ya zama martani. Ginshiƙai 284 da mai tsara gini Bernini ya kewaye dandalin da su an jera su ne kamar hannuwa biyu masu rungumar mai zuwa. A daɓen ciki akwai alamomin da ke nuna inda tsawon sauran manyan majami'un duniya ya tsaya, gori a fili. Rumfar tagulla mai tsayin kusan mita 29 tana bisa bagadi, ƙubbar da Michelangelo ya zana tana bisa rumfar, kabarin kuma yana ƙarƙashinsu duka. Ta ko'ina ido ya bi, can ake kai shi, domin da'awar Fafaroma ta gadon Bitrus a kan kabarin nan ta dogara.

Mai suka zai ce almubazzaranci ne, kuma yana da abin kamawa. Wani ɓangare na kuɗin ginin daga sayar da takardun sassaucin horon zunubi ya fito, cinikin da ya fusata Luther. Zargin bai tsufa ba: lokacin da Shugaba Houphouët-Boigny ya gina basilikar Yamusukuro a Kwaddibuwa, wadda ta ɗauko fasalin ta Rum, Fafaroma John Paul na Biyu ya nemi a gina asibiti kusa da ita, sannan ya keɓe ta a 1990. Sai dai wannan suka ba ta rushe maganar ba, ƙarfafa ta take yi. Wanda ya san me aka sayar kafin a aza marmarar ya fi iya karanta ginin a kan mai riƙe baki yana mamaki.

Suka ta biyu ta fi kusa da zuciyar Musulmi da ɗan Furotesta: mutum-mutumi a ɗakin bauta. Majalisar cocin Katolika ta Trent ta ba da amsa a 1563, cewa girmamawar da ake wa siffa tana komawa ne ga wanda aka siffanta. Ba dole baƙo ya gamsu ba, amma ya kamata ya san abin da masu wurin ke nufi kafin ya yanke hukunci. Yatsun ƙafar mutum-mutumin Bitrus na tagulla sun shafe saboda shafa da sumbar masu ziyara na ɗaruruwan shekaru. Wannan ba aikin 'yan kallo ba ne.

Akwai kuma masu ganin taron masu ɗaga waya ya mayar da wurin kasuwa. Cunkoson gaskiya ne, amma ginin da aka yi domin baƙi ba ya lalacewa da baƙi. Masu kula da shi sun ma shata iyakar da kansu: a hannun dama akwai wani ɗaki da aka ware wa masu addu'a kaɗai, an saka labule a ƙofarsa, kuma ba a ɗaukar hoto a ciki.