Tsoho da Muryarsa: Nazarin Wasan "Krapp's Last Tape" na Samuel Beckett

Ran 28 ga Oktoba 1958 aka fara nuna wannan wasa a gidan wasan kwaikwayo na Royal Court a birnin Landan, Patrick Magee ne kuwa ya fito a cikinsa. Mawallafinsa, Samuel Beckett, mutumin ƙasar Ailan ne, an haife shi a 1906, ya rasu a Faris a 1989.

Mutum guda ne kurum a dandali. Sunansa Krapp, tsoho mai shekara 69, kunne ya yi nauyi, ido ya raunana, yana zaune gindin fitila, duhu ya kewaye shi. Al'adarsa ce duk ranar da haihuwarsa ta kewayo ya ɗauki muryarsa a rikoda, ya faɗi abin da shekarar ta zo da shi. A daren nan sai ya ɗauko tef ɗin da ya yi yana da shekara 39, ya kunna.

Sanin kowa ne wasan kwaikwayo ba ya tsayuwa sai da masu ja-in-ja. Gwanintar Beckett ita ce ya samo abokin jayayya daga cikin mutumin kansa. Muryar rikoda ƙaƙƙarfa ce, mai alfahari, tana yi wa ƙuruciyarta dariya. Tsohon kuma ya ɗauki mai muryar wawa. Watau kowane Krapp ya raina wanda ya gabace shi.

Wuri biyu sun fi cancantar lura. Na farko, muryar ta ambaci wata kalma game da zaman mahaifiyarsa bayan mutuwar miji, tsohon bai gane ta ba sai da ya ɗauko ƙamus. Rikoda ta adana lafazi, ma'ana kuwa ta zube. Na biyu, sa'ad da muryar ke ɗokin ba da labarin buɗin basirar da ya samu wani dare a bakin teku, wanda ya ɗora begen rubutunsa a kai, sai tsohon ya ƙosa, ya tura tef gaba, domin littafin nasa kwafi 17 kaɗai aka saya. Abin da yake ta maimaitawa shi ne rabuwarsa da wata mace cikin kwalekwale. Ashe tsabar ya sheƙe, ya adana ƙaiƙayi.

Ana iya kushe farkon wasan, inda tsohon ke cin ayaba har santsin ɓawon ya kusa kā da shi, a ce shiririta ce. Amma in ba don dariyar nan ba, da tausayi ya yi yawa har ya gundure mai kallo. Inda rauni yake shi ne a takarda: wanda ya karanta wasan bai gan shi ba, rabinsa ya samu, gama sauran rabin yana fuskar mai sauraron muryar. Ya kamata malamin da zai koyar da shi ya sa ɗalibai su kwaikwaye shi, su kai har ƙarshe, inda tsohon ya zauna ko motsi babu, tef yana juyawa, magana ta ƙare.