Naman da ake ɗinkewa da allura

Idan ƙuda ya sauka a kwiɓin saniya, sau da yawa ba ta ko juyo da kai. Fatar wurin ce take yin 'yar girgiza, ƙudan ya tashi. Tsokar da ke wannan aiki siririya ce mai faɗi, tana kwance tsakanin fata da haƙarƙari, kuma tun ranar da aka haifi dabbar ba ta samu hutu ba. Shi ya sa take da tauri. A ƙasashe da dama mahauta kan haɗa ta da guntayen nama su niƙe, ba wanda ya damu da ita. A Ajantina da Uruguwai kuwa sunanta matambre, kuma da ita ake yin ɗaya daga cikin abincin da magidanta suka fi alfahari da shi: a tsima ta, a shimfiɗa mata kayan lambu da dafaffen ƙwai, a naɗe, a ɗinke, a dafa, a danne, sannan a yayyanka.

Mutanen nan sun san saniya. Turawan Sifaniya ne suka kai shanu yankin a ƙarni na 16, kuma Juan de Garay, wanda ya sake kafa Buenos Aires a 1580, ya sa an koro wasu daga Asuncion. Dabbobin suka samu makiyaya mai faɗin gaske, suka hayayyafa har suka zama na daji. An daɗe ana yanka su don fata kawai, a bar wa ungulu naman. Wani littafin tafiye-tafiye na shekarun 1770 ya ba da labarin mahaya dawakin karkara da kan kayar da saniya guda don su ci harshenta ko wannan tsoka ta kwiɓi, su yi gaba abinsu. A 1837 marubuci Esteban Echeverría ya rubuta maƙala sukutum ta yabon matambre. Har yau shanun Ajantina sun haura miliyan 50, sun fi mutanen ƙasar yawa.

Amma mahayin doki gasawa yake yi a bakin wuta ya ci da wuƙa. Naɗi da ɗinki aikin cikin gida ne, kuma ana ganin hannun Italiyawa a ciki, waɗanda suka kwararo ƙasar da miliyoyinsu daga wajen 1880 zuwa 1914. Mutanen Genoa, da suka cika unguwar La Boca a bakin tashar jiragen ruwa ta Buenos Aires, sun zo da al'adarsu ta cusa haɗi a ƙirjin maraƙi su ɗinke su dafa a ruwa. Da suka tarar da nama ya yi araha, sauran bayani ne.

Aikin yana farawa daga wuƙa. Tsokar tana zuwa da nauyin kilo 1 da rabi zuwa 2, gefe ɗaya jan nama, ɗaya gefen kitse. Gwanar mai girki takan kwantar da wuƙa ta feffere kitsen ta bar kaɗan, ba tare da ta huda naman ba, wanda a wasu wuraren kaurinsa bai kai na yatsa ba. Sai ta daidaita gefunan ya zama mai kusurwa huɗu. Abin da ta yanke ba ya zuwa kwandon shara. Da shi take toshe inda ya yi rami ko ya yi shara-shara, don naɗin ya fito da kauri ɗaya daga wannan kai zuwa wancan.

A Amurka da Turai, inda wannan yanka yake da wuyar samu, ana amfani da tsokar ƙasan ciki wadda ke can baya kusa da cinya. Ta fi kauri, don haka sai an buɗe ta. A ɗora tafin hannu a kanta, a shigar da wuƙa ta gefe a kwance, a riƙa ja sannu a hankali har saura kamar santimita 2 a kai ɗaya gefen, sannan a buɗe ta gida biyu a bubbuga wurin haɗin ya kwanta. Wuƙar da ba ta da kaifi ita ke jawo rami, domin tana sa mutum ya danna maimakon ya ja.

Tsimi kuwa an fi yi masa surutu fiye da aikin da yake yi, a ganina. Gidaje da yawa a Ajantina suna kwantar da naman cikin madara lita 1 ya kwana a firji. Wasu suna zuba ruwan khal, da tafarnuwa dakakkiya, da busasshen ganyen ƙamshi, da barkono. Kowace uwa tana rantsuwa da nata. Gaskiyar magana ita ce, ruwan tsimi ba ya shiga cikin nama fiye da 'yan milimita. Gishiri ne kaɗai ke ratsawa can ciki idan an ba shi lokaci, kuma yana taimaka wa tsoka ta riƙe ruwanta a kan wuta. Sa'ar da aka yi, wannan nama siriri ne, kusan dukkansa fuska ne, don haka ɗan abin da tsimin ya taɓa ya isa a ji shi a baki. Tsami idan ya yi yawa ko ya daɗe, sai saman naman ya yi fari ya saki, cikinsa kuma yana nan da taurinsa. Awa 6 zuwa kwana ɗaya ya wadatar, kuma a cikin sanyi, ba a kan tebur ba. Da an ciro shi a tsane shi da tsabtataccen ƙyalle, domin jiƙaƙƙen nama santsi yake yi a hannu, ba ya naɗuwa.

Yanzu ga wurin da ake gane wanda ya iya. Tsoka a jere take sili-sili, duk sun fuskanci gefe ɗaya, kuma a wannan yanka ana ganinsu ƙuru-ƙuru da ido. Dole a naɗe naman ta yadda silin zai kwanta a tsawon naɗin, daga wannan kai zuwa wancan. Idan aka zo yankawa, wuƙa za ta gitta su, kowane yanki ya zama gajerun sili ne da haƙori zai raba ba wahala. Wanda ya naɗe ta ɗaya ɓangaren, komai tsadar kayan da ya zuba, zai ba baƙinsa dogayen zaruruwa suna zagaye faranti, a yi ta tauna ana murmushin dole. Kafin ta zuba komai, gwana takan tsaya ta dubi naman, ta juya shi a kan katako har sai ya fuskanci inda take so. Daƙiƙa kaɗan ne, amma rabin girkin ke nan.

Yawanci gefen kitsen ake juyowa sama, ya zama shi ne ciki, don abin da ya narke ya jiƙa haɗin maimakon ya bi ruwa. A barbaɗa gishiri da barkono, a shafa tafarnuwa da yankakken ganyen fasli. Sai a bi da abin da zai kama haɗin: garin busasshen burodi da gurzajjen cuku da ɗanyen ƙwai ɗaya ko biyu a kaɗa, a shafe ko'ina. A kan wannan ake shimfiɗa ganyen alayyafo, a jera karas da jan tattasai da aka yanka dogo-dogo, su ma a kwance tare da silin naman. Wasu gidajen suna ƙara naman alade ko su zuba giya a tsimin. Ba dole ba ne, kuma wanda ya bar su bai rasa komai ba.

Dafaffen ƙwai, 4 zuwa 6, ana jera shi layi ɗaya kusa da gefen da za a fara naɗi. Akwai wata dabara a nan da take burge ni: a ɗan datse kan kowane ƙwai da gindinsa kafin a jera, su manne da juna, don kada wani baƙo ya samu yanki mai farin ƙwai zalla alhali na kusa da shi ya samu gwaiduwa. Mai girkin da ta yi tunanin wannan tana tunanin mutum goma sha da za su zauna cin abinci gobe, tana so kowa ya ga rabonsa daidai da na ɗan'uwansa.

Zari shi ne babban abokin gaba. Sabon hannu yakan ga fili ya yi ta lodi, da ya fara naɗi sai kaya su riƙa tsartuwa ta gefe. Ana barin kamar santimita 3 a kowane baki ba komai, a bar fiye da haka a gefen da zai rufe. Ba a auna wannan da cokali. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Ana naɗewa da hannu biyu, ana matsawa ana ja, har a kai ƙarshe. Daga nan sai babbar allura da zaren auduga mai kauri. A ɗinke bakin da ya rufe a tsawonsa, a tura kawunan biyu ciki a ɗinke su, sannan a bi da ɗauri duk bayan santimita 2 ko 3. Zaren roba ba ya wannan aiki, zafi zai lalata shi. Ɗaurin kuma yana son hankali: nama yana tsukewa a wuta, haɗin ciki yana ɗan kumbura, don haka idan ya yi sako-sako ruwa zai shiga ya wanke ɗanɗanon, idan ya yi tsanani zaren zai yanka naman. Wasu sukan ƙara naɗe shi da farin ƙyalle don kwanciyar rai.

Wuta hanya biyu ce, kuma ba a tsayawa a tsakiyarsu. Ainihin matambre cike yake da jijiya, saboda haka doguwar hanya yake bi. A saka shi a tukunya mai faɗi da ruwan gishiri, da albasa da karas da ganyen ƙamshi, a rage wuta ta yadda ruwan zai riƙa motsi kaɗan-kaɗan ba ɓararraka ba, a bar shi awa 2 zuwa 3, ana juya shi sau ɗaya ko biyu. Abin da ke faruwa a ciki shi ne, jijiyar nan mai tauri, idan zafi ya wuce digiri 70 kuma aka ba ta lokaci, narkewa take yi ta koma wani abu mai danƙo, irin wanda ke sa romon ƙafar saniya ya daskare idan ya kwana. Wannan narkewa ita ke kawo laushin da ake yaba wa madara da shi. Ana gane ya yi idan tsinke ya shige ya fito ba gardama.

Tsokar ƙasan ciki kuwa tana iya bin gajeriyar hanya. A soya bayan naɗin a ɗan mai har ya yi ja ta kowane gefe, a sa a tanda mai zafin digiri 190 na minti 35 zuwa 45, a fitar a bar shi ya huta minti 15 kafin wuƙa ta taɓa shi. Idan za a bi wannan hanya, gara kada a sa ɗanyen ƙwai a cikin haɗin, a ɗan dafa karas tukuna. Wanda ya bar shi awa guda da rabi a tanda ya faɗa tsakiya: ya wuce taushin farko, bai kai na biyu ba.

Wanda aka dafa a ruwa, saukewa ba ita ce ƙarshe ba. Ana barinsa ya huce a cikin romonsa, don idan aka tsamo shi da zafi tururi zai tafi da ruwansa ya bushe. Da ya huce sai a sa shi tsakanin katako biyu, a ɗora nauyin kilo 3 ko 4, a tura firji ya kwana. Dannewar tana korar iska da ruwan da suka maƙale a tsakanin naɗin, danƙon nan kuma ya daskare ya manne nama da ƙwai da ganye su zama abu guda. Washegari a warware zaren a tsanake, a tabbata ba a bar ko guntu ba, a yanka da kaurin santimita 1. Kowane yanki yana fitowa da zoben nama a waje, kore da ja suna zagayawa, gwaiduwa a tsakiya.

Da sanyinsa ake ci, kuma akwai dalili. Kirsimeti da sabuwar shekara a can suna faɗowa ne a tsakiyar zafi, domin Disamba bazara ce a kudancin duniya. Ba mai son tsayawa gaban murhu a daren biki. Abincin da aka gama tun jiya, wanda zai ciyar da mutum 10 daga tsoka ɗaya mai araha, kuma a iya ɗaukarsa a kai gidan suruka ba tare da ya zube a hanya ba, dole ya samu gurbi. Ana haɗa shi da kwaɗon dankalin Turawa da karas da koren wake da mayonis, ko a ɗiga masa chimichurri, wato fasli da tafarnuwa da barkono a cikin mai da khal. Abin da ya rage a tura shi cikin burodi washegari. Romon ma ba a zubarwa, da shi ake miya ko a dafa shinkafa. Shagunan abinci a Buenos Aires da Montevideo suna sayar da shi a yanke, a Chile kuma suna yin irinsa da sunan malaya, amma wanda aka ɗinka a gida shi ake kawowa tebur ana faɗin sunan wadda ta yi.

Mai karatu da ke son gwadawa, kayan haɗin duk suna kasuwarmu. Naman ne sai ka yi sammako, domin mahautanmu da sun feɗe suke sassara komai gunduwa-gunduwa. Ka je tun kafin a fara, ka nuna masa kwiɓin da hannunka, ka ce a cire maka shi a shimfiɗe kada a huda. Idan mai kauri ka samu, kai wa mai kilishi ya buɗe maka, don a wannan aikin wuƙar ba ka da abin da za ka koya masa.