Maƙera a Barikin Soja: Hoto Kaɗai Ba Ya Isa

Kafin mota ta kori doki daga rundunar sojan Amurka, da wuya a sami bariki babu maƙera. A nan ake buga wa dawaki takalmin ƙarfe, a ɗaura wa ƙafafun keken-doki baki, a gyara sarƙa da ƙyaure. Da aikin ya mutu, gine-ginen suka koma ɗakunan ajiya, aka rushe da yawa. Waɗanda suka rage suna ƙarƙashin dokar adana kayan tarihi ta 1966, wadda sashenta na 106 ya wajabta wa kowace hukumar tarayya, har da soja, ta auna illar aikinta ga tsohon gini kafin ta taɓa shi. Sai dai dokar ba ta hana rushewa ba. Sau da yawa abin da ake yarjejeniya a kai shi ne a ɗauki bayanin ginin, sannan katafila ta shigo.

Tsarin ɗaukar bayanin yana da tushe. An fara shi a 1933 da shirin HABS na tsofaffin gine-gine, aka ƙara shirin HAER a 1969 domin masana'antu da injuna. Ana auna gini a zana shi, a ɗauki hotunan baƙi-da-fari da babban fim saboda daɗewarsa, a rubuta tarihi, a kai ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka. Wannan ya dace da coci ko gidan gwamna, inda darajar take a jikin bango. Maƙera kuwa bangonta ba shi da wani abin kallo. Darajarta tana a tazarar da ke tsakanin murhu da uwar maƙera, wadda ba ta wuce taku ɗaya ko biyu don kada ƙarfe ya huce a hanya. Tana a gefen da aka girke zuga-zugi, da ƙugiyar rataye awartaki, da ramin da ƙafar maƙeri ta cinye a daɓe, da kashin maƙera da ke binne a ƙasa, wanda masu haƙar tarihi ke gane irin gawayin da aka ƙona daga gare shi. Ɗan kwangilar da ya share ɗakin tas kafin mai hoto ya iso ya riga ya zubar da rabin shaidar.

Kwamandan bariki zai ce kuɗinsa na horar da soja ne, fili ya yi kaɗan, kuma farar hula ba sa shiga su gani. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta kai ga rushewa ba. Maƙerar sojan ruwa ta Chatham a Ingila, wadda aka gina a 1808, ta lalace bayan rufe sansanin a 1984, aka gyara ta, aka buɗe a 2010 a matsayin gidan nuna ƙananan samfuran jiragen ruwa. Sansanin da ake tsaronsa a yau zai iya buɗuwa gobe, amma ginin da aka rushe ba ya dawowa. Ɗan ƙaramin ɗaki kuma abin da yake nema bai wuce rufin da ba ya yoyo da magudanar ruwa ba.

Inda rushewa ta zama dole, a shigo da maƙeri mai sana'a tare da mai awo, a zana kowane kayan aiki a inda aka same shi, a haƙa daɓen kafin a zuba siminti.